Tani da Kazar Kiwo

A Unguwar Maikano, wani ɗan ƙauye a ƙasar Tudun Wada kan hanyar Riruwai, an yi wani shaho da ya fi duk shahunan ƙasar Kano ilimi. Ba wanda ya san inda ya yi karatu, amma dai ya san kazar kowa. Kazar masu gida ba ya taɓa ta, ko da za ta wuni a kan danga tana shan iska. Wadda aka kawo kiwo, mai ita yana can nesa, ita yake ɗauka, kuma ya fi zuwa in Sallah ta ƙarato ko in maigida ya yi baƙi.

A wancan zamani, shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, lokacin da samarin ƙauyen ke tafiya haƙar kuza da rani, ba da kaza kiwo abu ne da kowa ya sani. Mai tafiya ko wanda ba shi da wuri sai ya kawo miki kazarsa, ki kula da ita, in ta ƙyanƙyashe ku raba 'ya'yan. In ciwo ya kama ta aka yi maza aka yanka, sai a busar da kai da ƙafafu a ajiye, ran da mai ita ya zo a nuna masa. Wannan ita ce ƙa'ida. Shi kuwa shaho, Allah ya yi shi da tsafta, ba ya barin kai, ba ya barin ƙafa. Saboda haka kowa ya fi son a ce shi ne.

Tani a ƙauyen aka haife ta, kuma a gidan da shahon ya fi sabawa da shi. Mahaifiyarta, Balaraba, mace ce mai fara'a da daɗin miya, kuma a tarihin gidanta ba a taɓa jin kazar kiwo ta kai damina ba. Tun Tani tana yarinya, in ta je rijiya, sai 'yan mata su riƙa kallon sama suna kare kawunansu da gammo, wai 'yar gidan shaho ta iso. Ba ta taɓa yin dariya ba. Ta taso mace doguwa, mai ƙarancin magana, wadda ko allura ta ara sai ta mayar kafin rana ta faɗi, a gaban shaidu. Ta koyi daddawa, ta iya har ana aikowa saye daga Tudun Wada. Duk wanda ya sayi daddawarta ya yaba. Amma har mahaifiyarta ta rasu, har ita ta yi aure ta haihu ta aurar, ba a sami mutum ɗaya da ya kawo mata ko gurguwar kaza kiwo ba. Abin yana cin ta, tana kuma ɓoyewa, ita a ganinta ba wanda ya sani, alhali har yara sun sani.

Mijinta Mudi manomin dawa ne da gyaɗa. Ya taɓa yin rani ɗaya a Riruwai yana ɗaukar ƙasa a ka, ya dawo da tari, da wata wuƙa mai naɗewa, da labaran Bature da ba sa ƙarewa. Tun daga nan babu ilimin da ya gagare shi. In ana zancen ruwan sama ya sani, in ana zancen haihuwa ya sani, in ana zancen aikin gona ne dai yakan tuna cewa ƙirjinsa bai gama warkewa ba.

Wadda ta fara amincewa da Tani baƙuwa ce, kuma dole ta zama baƙuwa. Inna Suwaiba, wata dattijuwar Bafulatana, rugarsu ta sauka bayan gari da kaka, shanunsu suna cin karan dawa suna bar wa gonaki taki. Kullum takan biyo da ƙwaryar nono, ta ba Tani nono da man shanu, Tani ta ba ta daddawa da kuka, har suka zama ƙawaye. Da ciyawa ta ƙare za su gangara kudu, sai ga Inna Suwaiba da wata budurwar kaza a hammata. Ja ce wur, mai sheƙi, ga wani tukku a kanta cirko-cirko kamar an yi mata kitso. Ta ce jikarta ce ta ba ta, ba ta son ta wahala a hanya.

"Ƙawa, ga ta nan amana," in ji ta. "Sai Allah ya dawo da mu da ruwa."

Tani ta karɓa da hannu biyu, ta ce to. Da baƙuwar ta tafi, sai ta tuna tana da sallahu a kusan kowane gida na ƙauyen. Ta zaga su duka, kazar na hammata, ba ta ce da kowa ga abin da aka ba ta ba, ta dai tsaya yadda za a gani da kyau. Maƙwabciyarta Kyauta, wadda ita ma shahon yakan ziyarce ta shekara-shekara, ta shafa tukkun ta ce lallai kaza ta yi ƙiba, Allah ya tsare ta daga abin da ke sama.

Rani ya yi nisa. Wata rana da hantsi Tani tana tsakar gida tana dafa kalwa, kazar tana tono a gindin rumbu, sai wata inuwa ta gifta. Kafin ta ɗaga kai, abin ya riga ya sauko. Shaho ne na gaske, mai fuka-fuki da farata, wanda bai san Sallah ba bai san baƙi ba. Ya cafki kazar ya yunƙura, amma Tani ta ciyar da ita fiye da ƙarfinsa, ya kasa haye danga da ita. Tani ta wurga masa muciya tana ihu irin wanda ba a taɓa jin ta yi ba. Ya saki, ya yi sama.

Abin da ya faɗo ƙasa da ƙyar za a kira shi kaza. Baya a yage, ƙafa ɗaya tana reto, ido ɗaya ya rufe da jini, fatar kai ta ɗaye ta koma gefe, tukkun yana rataye a jikinta. Tana dai numfashi, baki a buɗe.

Mudi, wanda ƙirjinsa ya hana shi zuwa sharar gona ran nan, shi ne ya fara isowa, kuma abin mamaki da gudu. Kafin ya ƙaraso wuƙar ta riga ta buɗe. Ya ce shi ba don komai ba, tsoron Allah ne ya kawo shi, kada dabba ta mutu mushe a gidan Musulmi alhali ga namiji a tsaye. Ya ce a yanka, a ajiye kai da ƙafafu kamar yadda aka gada, naman kuwa tunda bai yiwuwa a ajiye shi har damina, sai a san yadda za a yi da shi. Yana faɗa yana haɗiyar yawu.

Gaskiya ita ce, a duk shawarwarin da Mudi ya bayar a rayuwarsa, wannan ce kaɗai ta yi daidai. Sai dai ta fito daga bakin da bai kamata ba, kuma ta shiga kunnen da ba zai iya ɗaukarta ba. Tani ta san yadda za a ba da labarin a rijiya. Za a ce 'yar Balaraba ta fi uwarta wayo, ita har kai ta ajiye. Ta rungume kazar a ƙirji, jini yana ɓata mata zane.

"Malam, mayar da wuƙarka," ta ce. "Da ranta aka ba ni, da ranta zan mayar."

Mudi ya ce ai kazar ba za ta kai la'asar ba. Ta ce to ya jira la'asar ɗin. Ya kuwa jira, a bakin ƙofa, wuƙa a cinya.

Kyauta ta leƙo ta kan danga, ta ga jini, ta ga gashi a warwatse, ta girgiza kai ta ce Allah sarki, ashe har yanzu bai manta hanyar gidan nan ba. Tani ta yi kamar ba da ita ake ba.

Ta ɗumama ruwa ta jefa gishiri, ta wanke raunukan da tsumma a hankali. Ta ɗauko allurarta da zaren da ta kaɗa da hannunta, ta danne kazar tsakanin gwiwoyi, ta ɗinke bayan kamar yadda take ɗinke ƙwarya in ta tsage. Ta jawo fatar kan ta mayar inda take, tukku da komai, ita ma ta kama ta da zare. Ta shafe ko'ina da man kaɗe don ƙuda. Ƙafar kuwa ta miƙe ta, ta tsaga sillen kara ta ɗora gefe da gefe, ta naɗe da tsumma. Ba ta taɓa ganin an yi wa kaza ɗori ba, ta dai taɓa ganin an yi wa ɗan'uwanta, ta ce ƙashi ai ƙashi ne. Sannan ta shimfiɗa tsohon zane a kwando, ta kwantar da ita a ɗakinta kusa da murhu.

La'asar ta yi, kaza ba ta mutu ba. Mudi ya naɗe wuƙarsa da fuskar wanda aka ci amanarsa.

Daga ran nan Tani ta zama baiwar kaza. Kazar ba ta iya tsattsaga, sai Tani ta jiƙa tsakin dawa ya yi laushi, ta buɗe mata baki da yatsa ta zura kaɗan-kaɗan, ta ɗiga mata ruwa da ɗan barkono a ciki. Da ta ga tana ramewa, sai ta cusa karmami da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kai bakin shuri ta kife, washegari ta ɗauko cike da gara. Mace mai jikoki, a tsugune a gindin shuri da sassafe, tana yi wa kaza farauta. Kalwa ta ƙone mata ba sau ɗaya ba. Kasuwar Tudun Wada ta ci ta watse ba tare da daddawarta ba, har masu saye suka aiko tambaya ko lafiya.

Mudi ya ce shi da ya dawo daga Riruwai yana tari kamar ransa zai fita, jiƙon kanwa aka ba shi aka ce ya yi haƙuri. Ya ce da ya san haka ne da ya roƙi Allah ya yi shi da fuka-fuki. Tani ta ce ai shi ba amanar kowa ba ne.

Matan ƙauye kuwa suka sami abin yi. Sai su yi sallama har ɗaki, su zauna, su gyara murya, su ce ya mai jiki. Tani ta san shegantaka ce, amma sai ta amsa musu da gaske, ta ce da sauƙi, jiya ta ɗaga kai, yau ta sha ruwa da kanta. Su ce Allah ya ƙara sauƙi, su fita suna toshe baki da gefen mayafi. Ba ta damu ba. Ita a lissafinta kowace mai dariya shaida ce, kuma gara su zo su gani da idonsu.

Raunin baya ya kama, ɗinkin ya riƙe. Na kai ne ya ƙi. Fatar ta yi baƙi, ta bushe, ta ƙanƙance, wata safiya Tani ta tarar da ita a gindin kwando tare da tukkun, a ƙasa kuwa sabuwar fata ta fito jajir. Ta yi hamdala da raunin bai ruɓe ba. Ta share busasshen abin tare da sauran dattin ɗaki ta kai juji, don a lokacin hankalinta duk yana kan ƙafar.

Ƙafar ma ta haɗe, ko da yake a karkace. Ran da kazar ta fito tsakar gida da kanta, tana ɗingishi, tana karkata kai don ta ga ƙasa da idon da ya rage, Tani ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta ce hayaƙi ne. Gashi ya sake tsirowa a bayan, amma fari fat, a inda da yake ja. Kan kuwa ya zauna tal, ko gashi ɗaya bai sake fitowa ba. Ƙwai ma ta ƙi yi, wataƙila tsoron bai sake ta ba. Tani da ke ganinta safe da yamma ba ta lura da yadda ta sauya ba. A idonta kazar Inna Suwaiba ce, ta ɗan sha wahala kawai.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, shanu suka fara dawowa. Da Tani ta ji rugar ta sauka, ta share gida har bayan rumbu, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta kuma aika wa Kyauta da wasu mata biyu cewa su shigo su taya ta tsince kalwa. Ba kalwar da za a tsince. So take a yi abin a gaban mutane.

Inna Suwaiba ta iso da ƙwaryarta, ta rame ta yi baƙi saboda tafiya. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi yara, aka tambayi hanya da ruwa da sauro, aka sake gaisawa. Ba ta tambayi kaza ba, don irinsu ba sa fara tambayar abin da suka ba da ajiya. Tani ce ta tashi, ta kamo ta ta ajiye a gabanta.

Dattijuwar ta dubi abin da aka ajiye mata. Ta dubi kan, ta dubi farin bayan, ta dubi ƙafar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuyar da kai tana gyara faifan ƙwaryarta wanda ba abin da ya same shi.

Tani ta fara bayani. Ta ce wata rana da hantsi tana dafa kalwa, sai shaho. Kalmar tana fita daga bakinta ta ji yadda ta yi ƙara a tsakar gidan, ta ji muryar mahaifiyarta a ciki, sauran maganar ya sarƙe mata. Ta yi ta maza tana nuna ɗinki, tana ɗaga fiffike, tana cewa ga nan, ga nan, amma gashi ya rufe komai.

Mudi ya ga matarsa na neman taimako, ya shigo da ƙarfinsa. Ya ce shi shaida ne, shi da kansa ya zare wuƙa, kuma kazar a lokacin ta yi ƙiba ƙwarai, cinyarta kaɗai ta ishi mutum. Kyauta ita ma ba a bar ta a baya ba. Ta dafa ƙirji ta rantse cewa da idonta ta ga shahon, ƙato, baƙi, ya taso daga gabas. Gaskiya ta faɗa, ko kusa da gaskiya. Sai dai kalmomin su ne dai waɗanda ta rantse da su bara a kan kazar wani mutumin Doguwa, har da gabas ɗin, kuma Fulani suna yawo, suna jin labari.

Inna Suwaiba ta bari kowa ya gama. Sannan ta miƙa hannu ta dafa gwiwar Tani, murya ƙasa-ƙasa, fuskarta cike da tausayi.

"Ƙawa, kada ki wahalar da kanki," ta ce. "Rani ya yi tsawo, kowa da iyali. Kin ma yi ƙoƙari, wata ko madadin ba za ta nemo ba. Ni dai na yafe miki, duniya da lahira."

"Inna, ita ce," in ji Tani. "Wallahi ita ce."

"Na ji, na ji. Ai ya wuce. Wannan ɗin ki riƙe abarki, kada ki yi asara saboda ni."

Ta auna mata nono, ta ƙara gyara fiye da kullum, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi sallama.

Da zagin ta aka yi, da Tani ta rama. Da ƙara aka kai ta, da ta je gaban liman ta rantse, ta kirawo duk matan da suka zo duba mara lafiya. Amma wanda ya yafe maka ba inda za ka kai shi. Ta zauna a inda take, nonon a gabanta, takaici ya cika mata ciki har ba ta ji fitar su Kyauta ba. Kazar tana ɗingishi a gefenta tana neman tsaki. Mudi ya yi gyaran murya ya fara cewa tunda yanzu kazar ta zama tasu, amma da ya ga idon da matarsa ta ɗago, sai ya tuna yana da shuka da bai gama ba.

Zumunci bai yanke ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Duk daminar Inna Suwaiba tana zuwa, tana dariya, tana yaba daddawa, ba ta sake ta da maganar ba, in Tani ta ta da ita kuwa sai ta ce haba ƙawa, ai abin da ya wuce ya wuce. Da kaka ta yi, Tani ta sa aka gina mata sabon akurki a jikin ɗakinta, ta ce da Mudi saboda muzuru ne. Ran da rugar ta tashi, dattijuwar ta biyo ta ƙofar gida ta yi mata ban kwana mai kyau, har da addu'a. Kajinta suna ɗaure a bayan takarkari, kawunansu suna reto, za su sha tafiya har kudu.

Tani ta yi tsawon rai, ta kuma yi suna. Labarin ɗinkin da ɗorin ya bazu, don mutanen ƙauyen sun san abin da idonsu ya gani, ko da bakinsu ya fi son ɗaya labarin. Har ta tsufa ana kawo mata kaji daga Kiru, daga Doguwa, wadda muzuru ya yaga, wadda jaki ya taka, wadda yaro ya jefa. Sai ta karɓa, ta wanke, ta ɗinke, ta ɗaure. Takan gaya wa mai kaza cewa raunin yana son kulawa, da zai bar ta a nan ta ɗan kwana biyu da ya fi. Sai ya yi godiya, ya yaba hannunta, ya ce ai ba sai an ɗora mata wahala ba. Ya zauna a kan turmi har ta gama, ya ɗauki kazarsa ya tafi da ita gida.